GhaLII ga ɗalibin dokar hukumomi: inda yake ƙosarwa, da inda sai an haɗa da Gazet

Ɗalibin lauya da ke kwana a Nima ko Mamobi a Accra, yana bin tirotiro zuwa jami'ar Legon ko GIMPA ko UPSA, ba kullum yake samun zaman laburare ba. Kafin ya kuɓuta daga cunkoson hanya rana ta yi, kundin shari'o'in da yake nema kuma yana hannun wani. Saboda irinsa ne GhaLII yake da daraja. Rumbu ne na hukunce-hukuncen kotunan Ghana da dokokin ƙasa a intanet, yana cikin dangin AfricanLII, ba a biyan ko sisi, waya ma tana buɗe shi. A darasin dokar hukumomin gwamnati, wato fannin da ke duba iyakar ikon ma'aikatu da jami'ai da yadda kotu ke taka musu birki, ra'ayinmu a kansa ya rabu biyu. Wajen karanta hukunci ya cancanci yabo sosai. Wajen tabbatar da ƙa'idar da hukuma ke aiki da ita a yau kuwa, wanda ya dogara da shi kaɗai zai sha ƙasa.

Fannin nan a Ghana kan sassa biyu na kundin tsarin mulkin 1992 yake tsaye. Sashe na 23 ya wajabta wa hukumomi da jami'ansu yin aiki da adalci da hankali da bin abin da doka ta ɗora musu, ya kuma bai wa wanda aka ƙuntata wa damar zuwa kotu. Sashe na 296 ya ce duk wanda doka ta bar wa zaɓi a hannu, dole ya yi gaskiya da adalci, ban da son rai, ban da ƙiyayya ko riƙo. Su biyun ba su cika shafi ɗaya ba. Naman yana cikin abin da alƙalai suka yi da su, kuma a nan ne rumbun yake biyan bukata.

Ɗauki shari'ar Awuni da hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2004. Ɗaliban makarantar Notre Dame ta Navrongo ne aka soke wa sakamako, aka hana su zama jarrabawa shekara 3 bisa zargin maguɗi, ba tare da an ji ta bakinsu ba. Takardun taƙaitawa da ake kwafa a bakin makaranta layi biyu suke ba ka: an take sashe na 23, ɗalibai sun ci. Wanda ya buɗe hukuncin gaba ɗaya zai tarar da faɗa na biyu a ciki, a kan hanyar da aka bi aka shigar da ƙarar, kuma a kan wannan ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya nasarar da suka samu a Babbar Kotu kafin Kotun Ƙoli ta maido musu. Malami mai wayo daga nan yake ɗauko tambaya. Haka shari'ar Aboagye da Ghana Commercial Bank: amsa takardar tuhuma a rubuce daban, kiran mutum ya kare kansa a gaban kwamitin ladabtarwa daban. Irin wannan bambanci ba ya tsira a taƙaitawa. Gani ya kori ji.

Sai dai nema yana da dabara, kuma yawancin masu cewa "babu shi a ciki" a nan suke tuntuɓe. Ƙarar da ake neman kotu ta soke matakin wata hukuma ko ta tilasta mata yin aikinta, abin da lauyoyi ke kira certiorari da mandamus, ba ta fara da sunan mai ƙorafi. Da sunan Jamhuriya take farawa, sai hukumar ko kotun da ake ƙara, sunan mai ƙorafin kuma sai bayan kalmomin Ex parte. Idan ka rubuta farkon sunan, ɗaruruwa za su zubo maka. Rubuta sunan da ba kowa ke da shi ba. Shari'ar nan da ta ce hukumar kare hakkin ɗan adam ta CHRAJ ba za ta binciki take hakki bisa rahoton jarida kawai ba, sai an samu wanda ya kai ƙorafi, da kalmar Anane za ka kamo ta, domin ƙararraki masu ɗauke da sunan hukumar suna da yawa. Idan batu kake bi, nemi kalmomin sashen kansu yadda suke a Turance, domin alƙalai suna kwafo su baƙi da baƙi, sannan ka tsuke neman zuwa Kotun Ƙoli ka jera bisa shekara. A lura kuma da shari'o'in da ke da lamba ta 1 da ta 2 da ta 3 a suna ɗaya. Ransford France da Hukumar Zaɓe, ta 2012 a kan sabbin mazaɓu 45, tana cikinsu. Wadda ake so a darasin nan ita ce ta 3, inda kotu ta ƙi yarda cewa kowane zaɓi da jami'i zai yi sai an fara wallafa masa ƙa'idoji, domin da haka ne da aikin gwamnati ya tsaya cak.

Aibi na farko ƙarami ne amma yana cin maki. Abin da ke rumbun galibi hukuncin ne yadda ya fito daga kotu, da lambar ambato irin tasa mai harufan GHASC. Malamai da alƙalai kuwa sun saba da bugaggun kundin shari'o'i na GLR da SCGLR, da shekara da shafi. Awuni tana shafi na 471 a kundin SCGLR na 2003-2004, kuma idan ka ɗauko maganar wani alƙali daga ciki, shafin da ta faɗo sai a littafin za ka gan shi. Don haka karatu a waya, cike ambato a laburare rana ɗaya a mako. Wani abin lura: a Kotun Ƙoli alƙalai 5 ko 7 ko 9 suna iya zama, kowa ya rubuta nasa. Babu edita a gefenka da zai ce ga ra'ayin masu rinjaye. Ka ƙirga da kanka, ka rubuta wa ya yarda da wa, kafin ka ɗauki magana mai daɗin ji ka ce ita ce doka alhali ta wanda aka rinjaya ce.

Babbar matsalar tana wajen ƙananan dokoki. Hukumomi ba da dokar Majalisa kaɗai suke aiki ba. Dokar tana kafa hukuma ta ba ta iko, sai minista ko hukumar ta fitar da ƙa'idoji, waɗanda ake kira L.I., kuma a cikinsu ne kuɗin lasisi da sharuɗɗa da tara suke. Sashe na 11(7) na tsarin mulki ya shimfiɗa matakai: a ajiye takardar a gaban Majalisa, a buga ta a Gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, a ranar da aka ajiye ta, sannan ta fara aiki bayan kwana 21 na zaman Majalisa, sai fa idan kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan Majalisa sun soke ta kafin lokacin. Kwanakin zama ake nufi, ba na kalanda ba. Majalisa ta saba zama Talata zuwa Juma'a, ke nan kwana 21 ya haura mako 5, idan hutu ya gitta kuma ƙirga ta tsaya. Ɗalibin da ya ga shekara a saman takarda ya ɗauka daga nan ta fara aiki ya yi kuskure. Gangara can ƙarshenta, inda ake buga ranar sanarwa a Gazet da ranar fara aiki. Idan kwafin da ka samu babu wannan shafi, bai cika ba. A shari'ar Okane da Hukumar Zaɓe a 2011, Kotun Ƙoli ta ce Majalisa ba ta da ikon yi wa irin wannan takarda gyara: ko ta bar ta, ko ta soke ta. Shi ya sa idan an ga kuskure ake janyewa a sake ajiyewa, ƙirga ta koma farko. Wannan tarihin ba ya jikin takardar, sai a bayanan zaman Majalisa.

To a nan kada a ɗora wa GhaLII abin da ba zai iya ba. Ba kowace L.I. ce ke ciki ba, kuma samun takarda ba ya nufin tana raye. A 2016 Kotun Ƙoli ta soke sassa da dama na L.I. 2224, ƙa'idojin da Hukumar Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta fitar a 2015 suna neman gidajen rediyo da talabijin su karɓi izini a kan shirye-shiryensu, bayan GIBA, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu, ta kai ƙara. Rubutun sassan yana nan a duk kwafin da aka buga kafin hukuncin, babu alamar da ta nuna sun mutu. Dokokin Majalisa ma haka suke. Doka mai lamba 936 ta 2016 ta maye gurbin mai lamba 462 ta 1993 a harkar ƙananan hukumomi, amma tsofaffin hukunce-hukunce da lambobin sassan tsohuwar suke magana, sai ka zauna ka daidaita su da sabuwar. Ƙa'ida mai sauƙi: duk L.I. da za ka kafa hujja da ita, nemi lambarta a ɓangaren hukunce-hukunce ka ga ko kotu ta taɓa ta, sannan ka riƙe bugun gwamnati a hannu. Ghana Publishing Company, da aka fi sani da Assembly Press a titin Barnes, shi ke buga Gazet da dokoki. Ka tafi da lambar takardar da shekararta a rubuce, ka kuma tambayi ko akwai gyara, domin gyara takarda ce daban da lambarta daban.

Misalin da ya fi kusa da ɗalibi a Makarantar Lauyoyi ta Ghana da ke Makola ya faru. A 2017, a ƙarar da Farfesa Stephen Kwaku Asare ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce jarrabawar shiga da ganawar da Majalisar Kula da Aikin Lauya ta ƙaƙaba wa masu neman Makarantar Lauyoyi ta Ghana ba su da tushe a Doka mai lamba 32 ta 1960 ko a L.I. 1296. Hukumar da ke yaye lauyoyi ce da kanta ta ƙara sharaɗi ba tare da bin sashe na 11(7) ba. Daga baya aka fitar da L.I. 2355 a 2018. Duk wanda ya karanta hukuncin nan a tsanake, takardun biyu suna gefensa, ya fahimci abin da ake nufi da wuce iyakar iko fiye da wanda ya haddace ma'anarsa daga littafi.

Wa'adi ma wuri ne da ake zubar da maki, a aiki kuma ake zubar da hakkin mutane. Neman Babbar Kotu ta duba matakin hukuma yana ƙarƙashin Oda ta 55 ta C.I. 47 ta 2004, wato ƙa'idojin shari'a na Babbar Kotu, kuma wata 6 ne daga faruwar abin. Zuwa Kotun Ƙoli a ƙarƙashin sashe na 132 na tsarin mulki kuwa kwana 90 ne, bisa ƙa'ida ta 62 ta C.I. 16, wato ƙa'idojin Kotun Ƙoli, bayan gyaran da C.I. 24 ta yi mata. Wanda ya karanta asalin C.I. 16 ta 1996 bai san da gyaran ba, da tsohon rubutu zai amsa.

Akwai abin da bai kamata a sa ran samu a rumbun ba, kuma shi ne ya fi taɓa mutanen zango. Mai shagon katako da aka shafa wa jan fenti na alamar rushewa a Nima, ko mai sayar da waake da aka ƙwace wa tebur, da dokokin majalisar gunduma yake karo, irin su Ayawaso ta Gabas ko Ayawaso ta Arewa. Waɗannan sai an buga su a Gazet suke da ƙarfi, kuma hanya mafi tabbas ita ce ofishin majalisar ko Assembly Press. Idan aka yi ta jan ƙafa, Dokar 'Yancin Samun Bayani mai lamba 989 ta 2019 ta ba ka damar nema a rubuce. Sanarwar kuɗin wuta da ruwa ta PURC, da jagororin hukumar abinci da magunguna ta FDA da na hukumar sadarwa ta NCA, a wajen hukumomin kansu za a fara nema. Muna ganin ɗalibin da ya fito daga unguwannin nan ya kamata ya fi kowa damuwa da wannan gefe, domin shi za a tare a ƙofar masallaci a ce, "Lauya, duba mini takardar nan."

Shari'o'in Ingila da darasin ke farawa da su, Wednesbury ta 1948 da Ridge da Baldwin da GCHQ, ba na nan ba ne. Suna BAILII, rumbun hukunce-hukuncen Birtaniya da Ireland, shi ma kyauta.

Abu na ƙarshe na aiki: sauke kowane hukunci ka adana, kada ka bari sai daren jarrabawa wuta ta ɗauke ko data ta ƙare. Sa wa fayil suna da shekara da sashen da ya shafa, kamar "2004 Awuni sashe 23", ka ware jaka ɗaya ta jin ta bakin mutum, ɗaya ta ikon zaɓi, ɗaya ta L.I., ɗaya ta CHRAJ. A jakar L.I. ka ajiye takarda guda mai layi huɗu ga kowace: dokar da ta haife ta, ranar Gazet, ranar fara aiki, da ranar da ka duba ko an gyara ta.