Shagon kayan sola a Titin Ahmadu Bello, Jos, bayan wata shida da sayayya

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, tayar da janareta a gidana ya koma sai da babban dalili. Wannan ne ya kai ni wani shago da ke Titin Ahmadu Bello, kusa da Taminus, inda na sayi farantan sola huɗu da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) da batirin litiyom, waɗanda yanzu suka cika wata shida suna aiki.

Ban ga kayan Amurka ko ɗaya a shagon ba. Farantan da aka jingina da bango, Jinko da Longi da Trina, duk na ƙasar Sin ne. Da na tambayi mai shagon, wani dattijo mai sanyin magana, ko yana da na Amurka, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ko na kawo, wa zai iya kuɗinsa?" Yana da gaskiya, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ƙera farantan sola a duniya yana hannun Sin. Amurka ta daɗe tana ƙoƙarin kare masana'antunta daga wannan ambaliya: ta ɗora wa kayan solar Sin haraji a 2012 zamanin Obama, Trump ya sa harajin kashi 30 kan farantan da ake shigarwa a 2018, sannan Biden ya ninka na ƙwayoyin solar Sin, wato ƙananan sassan da ake haɗa faranti da su, daga kashi 25 zuwa 50 a 2024. Da ƙofar can ta ƙuntata, kaya kuma suka yi wa masana'antu yawa, sai kamfanonin suka ƙara karkata ga kasuwanni irin namu da farashi mai sauƙi. A wurinmu dai gaba ta kai ni ce, gobarar Titi a Jos, kodayake faɗuwar darajar naira ta rage mana daɗin rangwamen.

Abin da na fi yaba wa shagon shi ne rashin ɓoye-ɓoye. Dattijon ya sa yaronsa ya fitar da kowane faranti rana, ya jona masa mita a gabana, ya nuna mini lambar da ke ƙarƙashin gilashi ta dace da ta takardar baya, yana gargaɗina cewa akwai jabu da ake manna wa sunan manyan kamfanoni. Yanzu firji da fankoki da fitilu suna kaiwa asuba, sai dai idan hadari ya rufe gari kwana biyu.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen haɗawa. Masu aikin da ya turo sun makara da kwana biyu, kuma sun sa siririyar waya tsakanin batir da inbata, wadda na taɓa da rana tsaka na ji ta ɗauki zafi kamar murfin tukunya. An canza ta da mai kauri bayan na koma sau biyu, amma da kuɗina. Haka nan garantin shekara 25 da ke jikin kwali bai bayyana a rasit ba, shekara ɗaya kacal mai shagon ya rubuta da biro, kuma ita kaɗai zan iya binsa a kai.

Duk wanda zai je, ya sayi kayan a nan, amma ya nemo mai haɗawa na kansa, ya kuma tanadi tsani, domin ƙurar hunturu tana sa a riƙa goge farantan duk mako.