Jama'ar Gombe, ku kiyayi mai munduwar jan ƙarfe

Naira 45,000 na tura wa mutumin nan a kan munduwa biyu. Dubu arba'in da biyar, a wannan marra! Wai jan ƙarfen zai ratsa fata ya shiga jini, ya raba Inna da ciwon gaɓɓai da ƙarancin jini.

Kada wani ya zo yana ce min ban yi tunani ba. Na yi masa tambayoyi. A wajen Jekadafari muka haɗu, yana sanye da farar riga irin ta asibiti, ya ce, "Alhaji, ka san ceruloplasmin?" Ya ce furotin ne da hanta ke yi, shi ke ɗauke da mafi yawan jan ƙarfen da ke cikin jini, kuma yana taimaka wa ayon, wato sinadarin ƙarfe, ya isa inda ake yin jini. Na duba a waya a gabansa, haka ne kuwa. To wa zai ƙi yarda? Har yanzu "Alhaji, ka san ceruloplasmin?" ɗin nan ke yawo a kunnena.

Abin da ya ɓoye, sai ɗan yayata da ke aikin gwajin jini ya faɗa min. Ya ce, "Kawu, jan ƙarfe ta hanji yake shiga jiki, daga abinci." Albumin da wasu furotin su kwashe shi su kai hanta, hanta ta ɗura shi cikin ceruloplasmin ta sake shi cikin jini, sannan ya shiga ƙwayoyin jiki ta wata ƙofa da ake kira CTR1. Rarar kuma ta bi ruwan matsarmama ta fita. Babban mutum maikirogiram 900 yake buƙata a rana, ko miligiram ɗaya bai kai ba, kuma hanta da gyaɗa da wake da riɗi suna da shi. Gyaɗa fa, a Gombe!

Kafin nan ma, hannun Inna ya yi kore. Na kira shi, ya ce cutar ce ke fita. Da ɗan yayan nawa ya kara mayen ƙarfe, sai munduwar ta manne. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Yanzu lambarsa a kashe. 45,000!

Hoton hirarmu ta WhatsApp da shaidar tura kuɗin suna nan, zan ɗora su anjima. Kada ku saya. Mai ƙarancin jini ya je a gwada shi.