KiCad: wata huɗu ina jan layin bodi da shi a Nima

Salam jama'a. Ni gyaran inbata da caja nake yi a Nima, shekaru ina haɗa kaya a berobod, bodin nan mai ramuka, waya kan waya, dalma ko'ina. Da dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya dame mu na ce bari in yi ɗan bodin cajin batir da sola nawa na kaina, wani yaro ɗan jami'ar Legon ya sa min KiCad, shirin zana bodin lantarki, a tsohuwar laftof ɗina. Kyauta ne, ba kuɗin lasisi ba kuɗin wata, ba ruwansa da intanet in ka gama saukewa, wannan kaɗai ya ishe ni don kun san yadda data ke cin sidi.

Wani malami a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara shi tun 1992, daga baya mutanen CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, suka sa hannu, su suka kawo abin da ya sa nake wannan rubutun, wato jan layi mai ture na kusa. In ka zaɓi Shove a saitin jan layi, ka danna maɓallin X ka fara jan layin jan ƙarfe daga ƙafar rizista, in ka tarar da wani layi a gabanka ba tsayawa zai yi ba, matsar da shi zai yi gefe ya bar tazarar da ka sa, kamar dai yadda ake matsawa mutum a sahun sallah. Wlh ranar farko na fi awa ɗaya ina yawo da maus ina kallon layuka na ba juna hanya. In wuri ya cushe ka danna V ya huda rami ka tsallaka bayan bodi ka ci gaba.

Na gwada wani shiri mai ja maka layin duka da kansa, ya gama cikin minti kaɗan amma layin batir ya zagaya da shi ta nesa, siriri kamar na sigina, alhali amp biyar zai bi ta nan. Na goge na ja da hannu, na faɗaɗa shi sosai, sauran fili na cika da jan ƙarfen giraun, wato layin negatif.

Kar ku tsallake DRC don Allah, wato binciken kura-kuran zane da ke cikin KiCad, shi ya nuna min ƙafa biyu da ban haɗa ba. Abin da bai iya gani shi ne kayan da za ka samu a kasuwa, kafasitan da na sayo a Zongo Lane tazarar ƙafafunsa ta fi ta zanena faɗi, laifina ne ban auna ba kafin in tura China fayil ɗin Gerber da ake buga bodi da shi. Bodi biyar suka zo, sai lanƙwasa ƙafa na yi.

Satin farko akwai wuya, komai da Turanci kuma maɓallai da yawa. Na ba KiCad huɗu da rabi cikin biyar. Bodin yana shago yanzu yana cajin batirin fanka, mai son gani ya biyo bayan la'asar.