DT830B: Na'urar Awon Wuta Mai Araha da Lissafin da Take Bar wa Mai Ita

A shagunan kayan wuta na babbar kasuwar Maradi da wuya a rasa ƴar ƙaramar na'urar awon lantarki mai suna DT830B, wadda masu gyara ke kira maltimita. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana zuwa da wayoyi biyu, ja da baƙa, kuma batir guda mai bolt 9 ke tafiyar da ita. Masana'antu da dama na ƙasar Sin ne ke ƙera ta da suna ɗaya, shi ya sa ingancin wata yakan fi na wata. A ganina kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, amma ga wanda ya iya lissafi kaɗai, domin na'urar ba ta nuna wat, wato ƙarfin wutar da kaya ke ci, alhali kuwa wat ne abin da yawancin masu saye suke son sani.

Abubuwa uku take aunawa: ƙarfin da ke tura wuta, wato bolt, yawan wutar da ke gudana cikin waya, wato amfer, da turjiyar da kaya ke yi wa wutar, wadda ake ƙirgawa da om. Georg Ohm, masanin kimiyya ɗan Jamus, shi ne ya wallafa dangantakar da ke tsakaninsu a shekarar 1827: idan aka raba bolt da amfer, turjiya ce ke fitowa. Idan kuma aka ninka bolt da amfer, an sami wat, wato ƙarfin da kayan ke ci.

Inda ta fi amfani shi ne wutar sola da ta batir, waɗanda gidaje da shaguna da yawa suka dogara da su a garin nan da ƙauyukan kewaye. Ana mayar da jar wayar cikin ramin da aka rubuta 10A, a kwance waya ɗaya daga jikin batir, a sa na'urar tsakani domin wutar ta ratsa ta cikinta kafin ta isa ƙwan fitila. Idan batirin yana ba da bolt 12 kuma allon ya nuna rabin amfer, to ƙwan yana cin wat 6, turjiyarsa a lokacin da yake ci kuma om 24 ce. Daga nan lissafin gida yake farawa, domin ƙwai huɗu irin wannan, idan suka yi awa 5 a kunne, za su sha wutar da ta kai ta wat 120 na tsawon awa guda, wanda ya yi daidai da a ja amfer 10 daga batirin na tsawon awa guda. Wanda ya san wannan adadi ba zai bari mai shago ya zaɓa masa batir da ka ba, kuma zai iya gane ko wat ɗin da aka buga a jikin kwali gaskiya ne ko ado.

A wutar gida, mai bolt 220, nan gazawarta take bayyana. Tana auna bolt ɗin soket ba tare da matsala ba, amma ba ta da gurbin auna amfer na irin wannan wuta sam. Akwai dabarar kaucewa ga kayan da aikinsu zafi ne kawai. A zare dutsen guga daga wuta, a juya makunnin zafinsa, a sa na'urar a kan awon om, a ɗora bakin wayoyin biyu a kan ƙafafun filoginsa. Dutse mai wat 1000 zai nuna kusan om 48. A raba 220 da 48, an sami amfer 4 da rabi da ɗan ɗoriya, a ninka da 220, an dawo kusan wat 1000. Lissafin nan ne kuma yake bayyana abin da masu wanki da guga ke kuka da shi: idan wuta ta sauka zuwa bolt 180, dutsen nan wat 675 kaɗai zai bayar, wato ragin bolt da bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba yana cinye kusan sulusin zafin.

Dabarar ba ta aiki ga firji, fanka ko injin jan ruwa, saboda injin lantarki mai juyawa ne a cikinsu. Haka ma tsohon ƙwan fitila mai zare, wanda turjiyarsa tana sanyi ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na turjiyarsa yana ci ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba a ƙirarta. Ramin 10A ba shi da fiyus a yawancinsu, don haka duk wanda ya manta jar wayar a ciki ya kai ta soket ya haɗa wuta kai tsaye, kuma abin da zai biyo baya tartsatsi ne da ƙonewar waya, in ma abin ya tsaya nan. Wayoyin sirara ne, suna tsinkewa daga gindin mariƙi. Ba ta kashe kanta, ba ta kuma yin ƙara idan ana neman inda waya ta yanke, sai dai a zuba wa allo ido. Ƴar'uwarta DT830D ce ke da wannan ƙarar. Idan batirin DT830B ya yi sanyi takan nuna adadi sama da gaskiya, abin da zai sa mutum ya ɗauka batirin solarsa a cike yake.

Ga ɗalibin koyon aikin wuta, da mai gyaran rediyo ko caja, da mai sola a gida, ina ganin ta isa. Mai jan waya a gine-gine kuwa gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai baki kamar awartaki, wadda ake maƙalawa a waya ɗaya ta faɗi amfer ba tare da an kwance komai ba. Kafin a biya kuɗi a shago, a sa DT830B ɗin a kan gurbin awon om 200 a haɗa bakin wayoyin biyu. Ya kamata adadin ya tsaya ƙasa da om 1, idan kuwa yana ta tsalle, a nemi mai shagon ya canza wayoyin ko ya ɗauko wata.