Kwana huɗu ina koyon tsayawa cak a cikin ruwa: sharhina kan kwas ɗin tushen nutso

Sati uku kenan da gama kwas ɗin nan, da gangan na ƙi rubuta komai a kansa sai da na sake shiga teku sau biyar, don in gani ko abin da na koya ya zauna a jikina ko kuwa ɗokin sabon abu ne kawai. To ya zauna, shi ya sa yanzu na ɗauko waya.

Kafin in je ina da satifiket na matakin farko, wanda ke ba mutum izinin sauka har mita 18, kuma na yi nutso da tukunyar iska wajen sau 30. A lokacin gani nake na iya. Ina haɗa kayana da kaina, ina fitar da ruwa in ya shiga gilashin fuska, ban taɓa firgita a ƙasa ba. Amma abu biyu suna ci mini tuwo a ƙwarya. Na farko kullum iskata ce ke fara yin ƙasa a cikin tawaga, sai a juya da wuri saboda ni alhali sauran suna da saura da yawa, abin yana min ciwo sosai. Na biyu tsayuwar nan ta minti 3 da ake yi a mita 5 kafin a fito, in babu igiyar da zan riƙe wallahi ba na iya ta, yanzu ina mita 6 an jima ina mita 3, agogon nutsona yana ta ƙara. Wani da muka taɓa nutso tare ne ya ce in nemi kwas na tushe, irin wanda ba a ƙara maka zurfi ko taƙi ɗaya, abin da ka riga ka sani ake warwarewa a sake ɗinke maka shi.

Mu uku ne ɗalibai, malami ɗaya. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa, domin in kun yi yawa ba yadda za a yi ido ɗaya ya ga kuskuren kowa.

Ranar farko da muka shiga kwamin ninkaya malam bai nuna mana komai ba. Cewa ya yi ku sauka ku tsaya a wuri ɗaya minti biyu, kar ku taɓa ƙasa kar ku taso, shi kuma ya koma gefe yana ɗaukar mu a bidiyo. Da yamma ya kunna mana a kwamfuta. Ni a raina a kwance nake shimfiɗe, ashe kusan a tsaye nake, gwiwoyi a ƙasa kai a sama, hannuwa suna ta fifita ruwa, ƙafafu ba su huta ko na daƙiƙa ɗaya ba. Na daɗe ina kallon bidiyon nan shiru. Nutso 30 ba wanda ya taɓa faɗa min haka nake, ni kuma ba ni da hanyar ganin kaina. Malam bai yi dariya ba bai kuma yi faɗa ba, tsayar da hoton kawai ya yi ya tambaye ni, me ya sa ƙafarka ba ta tsayawa? Na ce ban sani ba Malam. Ya ce saboda in ta tsaya nitsewa za ka yi, dalmar da ka ɗaura a ƙugu don ta ƙara maka nauyi ta yi maka yawa.

Nan ne zan daɗe, don a wurina nan ne duk kwas ɗin yake. Ina ɗaura dalma kilo 8 tun ranar da na fara nutso, haka aka ba ni, haka nake tambaya duk inda na je. In dalma ta yi yawa dole ka cika rigar iska, wato rigar da ake hura wa iska ta riƙa ɗaga mutum a ruwa, don ka rama nauyin, ita kuma iskar da ke cikin rigar ba ta zama yadda take. Duk mita 10 da ka sauka matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a waje, wato a mita 10 matsin ya ninka biyu, iskar rigar ta takure ta koma rabi, in ka taso kuma ta kumbura ta ninka. Kenan canjin ya fi tsanani a kusa da saman ruwa, daidai inda ake tsayuwar minti 3. Ka ɗan ɗaga sama kaɗan iskar ta kumbura ta ƙara ɗaga ka, ka sake ta da yawa ka faɗo, ka ƙara ka tashi, haka za ka yi ta kokawa da rigarka kana ƙona iskar da ya kamata ka shaƙa. Na san wannan lissafin a takarda tun kwas ɗin farko, har na ci shi a jarabawa, amma ban taɓa haɗa shi da bel ɗin da ke ƙuguna ba.

Gwajin da ya yi mana mai sauƙi ne. Aka rage iskar tukunya zuwa bar 50 (bar shi ne ma'aunin matsin iskar da ke cikin tukunya), aka fitar da duk iskar riga, sannan aka duba ko mutum zai iya tsayawa a mita 5 yana numfashinsa na yau da kullum. Dalilin yin shi da tukunyar da ta kusa ƙarewa shi ne ita kanta iska tana da nauyi, tukunya mai lita 12 da aka cika bar 200 iskar cikinta ta kusa kilo 3, to a ƙarshen nutso ka fi sauƙi fiye da yadda ka shiga. Aka yi ta cire min dalma ɗaya bayan ɗaya har aka tsaya a kilo 4. Rabi cur. Sauran huɗun ma bai bar su duka a ƙugu ba, ya mayar da wani sashi sama wajen tukunya don ƙafafuna su daina rinjaya ƙasa.

Daga nan sai numfashi. Kowace lita ɗaya ta iska da ka ƙara a huhu tana ɗaga ka da kusan kilo ɗaya, kenan ƙirjinka shi ne ƙaramin sitiyarin hawa da sauka, rigar iska ta babban gyara ce kawai. Abin da ya ba ni wahala shi ne jinkirin, ka shaƙa yanzu sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu jikin zai fara tashi, in ba ka da haƙuri kafin ya amsa ka riga ka kai hannu kan maɓallin riga ka ɓata komai. Kuma duk da haka ba a riƙe numfashi, musamman in ana tasowa, don iskar huhu ma kumbura take yi kamar ta riga kuma tana iya yi wa huhu rauni, malam ya maimaita wannan ya fi a ƙirga. Da yammacin rana ta biyu ne na fara samu. Na kwanta a tsakiyar ruwa, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a gaba a haɗe, ba abin da ke motsi sai kumfa, ina ɗan tashi ina ɗan sauka da numfashina kawai. Bai fi rabin minti ba na rasa shi, amma daɗin da na ji a wannan rabin mintin ban taɓa jin irinsa a ruwa ba.

Shurin ƙafa kuwa an koya mana na kwaɗo, wanda ke tura ruwa baya maimakon ƙasa, masu nutso a kogo ne suka fi riƙo da shi saboda in ka tayar da laka a kogo ka daina ganin hanya. A teku ma amfaninsa a fili yake, ba ka turbuɗe na bayanka da yashi ba ka kuma karya murjani da takalmin ninkaya. Akwai juyawa a wuri ɗaya ba tare da hannu ba, wannan bai ba ni wuya ba. Ribas ne ya gagare ni, wato tafiya da baya da ƙafa kaɗai. Kwana biyu ina yi ina tafiya gaba, ko in tashi sama. Har yau ban ƙware ba, ina dai iya ja baya mita ɗaya ko biyu in na natsu.

Rana ta uku da ta huɗu a teku muka yi su, kuma nan aka fara ɗora aiki a kan aiki. Cire gilashin fuska gaba ɗaya a mayar, ba wa abokin nutso iska, harba balan-balan ɗin alama zuwa sama da kwarkwaron zare. Duk na taɓa yin biyun farko, amma a durƙushe a kan yashi na yi su. Yanzu an ce ka yi su kana rataye a tsakiyar ruwa, zurfinka kar ya canza sosai, idonka kuma yana kan abokanka biyu. Lokacin da na cire gilashi na farko, kafin in mayar in fitar da ruwan na tashi kusan mita biyu ban sani ba, saboda da ruwa ya taɓa hancina sai na cika ƙirji na riƙe. Wannan ya tsorata ni fiye da komai a kwas ɗin, don ranar da matsala ta gaske za ta zo ba lallai a sami yashin durƙusawa ba. Sai da na yi shi sau shida ko bakwai kafin jikina ya yarda ya ci gaba da numfashi a hankali ido a rufe.

Akwai kuma darasin lissafin iska da muka yi a aji, gajere ne amma ya canza min tunani. A mita 30 matsi ya ninka huɗu, kowane numfashi yana cin iska ninki huɗu na abin da yake ci a sama. To tambayar ita ce, in iskar abokinka ta yanke a can, abin da ya rage a tukunyarka zai fito da ku biyu, kuna haki, kuna tasowa a hankali har da tsayuwa? Da muka lissafa sai na ga bar 50 ɗin da na saba ajiyewa ba ta isa wannan ba in ana zurfi.

Yanzu abin da bai yi min ba, don akwai. Jerin kayan da ake buƙata bai iso ni ba sai saura kwana uku, na zo da takalmin ninkaya mai laushi wanda ba ya yin ribas da kyau, sai aro na yi a rana ta biyu, kuma sabon kaya a tsakiyar kwas koma baya ne. Kwanakin ma sun yi tsawo, daga safe har bayan faɗuwar rana, ga sanyi, don ruwa yana zuƙe zafin jiki ninkin-ba-ninkin fiye da iska kuma a wannan kwas ɗin yawanci a tsaye kake wuri ɗaya ba iyo kake ba, rigar roba mai kauri ce ta dace amma ba wanda ya gaya mana. In sanyi ya kama ka numfashinka ya lalace, in numfashi ya lalace komai ya bi shi. Gaskiya da an raba shi gida biyu da sati ɗaya a tsakani don mutum ya yi atisaye, da ya fi. Sannan wanda zai hau jirgin sama ya lura, bayan nutso da yawa a jere ana so a jira aƙalla awa 18 kafin a tashi saboda naitirojin da ya rage a jiki, ni sai da na ɗaga tikitina don an ja nutson ƙarshe zuwa yamma ba yadda aka tsara ba.

Kuma ba kowa ke cinyewa ba. Ɗaya daga cikinmu malam ya ce masa ya je ya yi atisaye ya dawo a sake duba shi, ransa bai so ba, amma ni wannan ya ƙara min yarda da takardar da aka ba ni.

Wa zan ce ya je? Wanda ya yi nutso kamar 15 zuwa sama, ya daina tsoron kayan, amma har yanzu yana taɓa ƙasa ko yana riƙe igiya ko iskarsa tana saurin ƙarewa. Kafin ka yi rajista ka tambaya ɗalibai nawa ne, ka tambaya ko ana ɗaukar bidiyo, in an ce ba a ɗauka ni dai da zan nemi wani wurin. In da hali ma ka roƙi ka ga malamin a cikin ruwa, mutumin da ke iya tsayawa cak yana rubutu a allo ba ya ɓuya.

A nutsona na biyar bayan kwas ɗin mun yi minti 48, na fito da bar 90, kuma ba ni na ba da alamar a juya ba. A tsayuwar mita 5 babu igiya, na kwanta ina kallon agogo, lambar ba ta wuce tsakanin 4.8 da 5.2 ba har minti ukun suka cika. Wani ɗan ƙaramin kifi ya zo daf da gilashina ya tsaya, da can motsin hannuna ke korar su tun daga nesa. Sati mai zuwa na kama awa biyu a kwamin ninkaya ni da ɗaya daga cikin abokan kwas ɗin, shi zai riƙe kyamara, ribas ɗin nan kawai za mu yi.