Gidan abincin da ya cece ni a Beijing ranar sabuwar shekara

Aikin ofishin jakadanci ya kawo ni Beijing, sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa ta 29 ga Janairun 2025, shekarar Maciji a kalandarsu, ta same ni nan. Gari ya watse, kowa ya tafi ganin gida, shaguna a kulle. Da ƙyar na samu wani gidan abinci na halal a unguwar Niujie, kusa da tsohon masallacin nan. Jiaozi ɗinsu na naman rago, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa nama a dafa, wallahi ba a magana, ɓawo siriri, nama cike, sai da na ƙara faranti biyu. Ma'aikata sun yi ƙaranci, na jira kusan awa guda, amma dattijuwar da ke kula da wajen sai zuba mini shayi take kamar ɗanta, har kewar iyali ta ɗan lafa. Biyan kuɗi dai ta manhajar waya ta WeChat ne, ku shirya wayarku.