Wata takwas a gidan masu barin shaye-shaye na coci, ga abin da na gani

Tunda na dawo gida mutane ke tare ni, wasu bayan an tashi sujada wasu a kasuwa, kowa da tambayarsa, wai gidan nan da aka kai ka yaya yake, da gaske ba a duka, nawa ake biya. To na gaji da yi wa mutum ɗai-ɗai bayani shi yasa nace bari in rubuta kawai kowa ya karanta. Sunan gidan ba zan kama ba dan akwai inda zan soke su, sai dai ince a gefen Jos yake, daga nan wajenmu Tudun Wada ka ratsa dajin Falgore ka wuce Saminaka, kafin la'asar ka isa in mota bata yi halinta ba.

Ni taramol ce ta ci ni. Kuma ba a majalisar banza na koya ba, a gonar shinkafa na koya, lokacin yanka da bugu, wani da muke ƙwadago tare ya ɓalla min rabin ƙwaya yace sha ka gani yau aikin mutum biyu zaka yi, kuma gaskiya na yi, rana ta take amma ni ko a jikina. Daga rabi sai ɗaya, daga ɗaya sai mai lamba 225 ɗin nan, ranar kasuwa kuma a ɗora da kodin. Da gwamnati ta hana kodin a 2018 bayan binciken nan na BBC mu a ƙauye abin da muka gani kawai kwalba ta yi tsada, ba wanda na sani da ya daina saboda haka, ƙwaya muka ƙara. Tunkiyar Inna na sayar, takin Yaya buhu guda na sayar nace sace shi akayi. Ranar da asiri ya tonu faɗuwa nayi a gona ina jijjiga kumfa na fita a baki, Inna tace iska ce, a asibiti likita yace ba wata iska, taramol in ta yi yawa haka take jefa mutum kamar mai farfaɗiya.

Kawu shi gidan mari yaso a kai ni. Yaya yace sam, ai kowa ya ga hotunan da aka fitar a 2019 lokacin da ƴan sanda suka shiga irin gidajen nan a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, mutane da sarƙa a ƙafa jiki duk tabo. Faston mu ne ya samo wannan gidan ta hannun wani abokin karatunsa.

Abu na farko da ya bani mamaki, ƙin karɓa ta suka yi. Suka ce mu nan ba asibiti bane, a fara kai shi likita ya gan shi ƙwayar ta fita daga jikinsa tukun. Yaya har ya yi fushi a waya yace to meye amfaninku, amma yanzu shi da kansa yake cewa sun yi daidai. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau aka kai ni, kuma kwanakin nan bana fatan ko maƙiyina ya gansu, zufa da sanyi lokaci ɗaya, gudawa, hamma ba iyaka, majina, ƙafafu sun ƙi tsayawa waje ɗaya ga bacci ya ƙaurace, ƙashi kamar ana kwankwatsa shi da taɓarya. Masu giya da burkutu nasu ma ya fi haɗari, in wanda ya daɗe yana sha ya yanke lokaci ɗaya zai iya jijjiga ya fita hayyacinsa har ya rasa rai, dan haka duk wanda yace maka addu'a kaɗai ta isa a wannan matakin kar ka biye masa, ayi addu'ar a kuma je asibiti.

Gidan kansa ba wani abin kallo bane, ɗakuna huɗu ne da falo, gado mai hawa biyu, mu goma sha huɗu na tarar harda ni. Maza zalla. Mai kula da mu dattijo ne muna ce masa Baba, shi ma da bakinsa yake faɗa burkutu da wiwi sun cinye masa ƙuruciya, to ka ga ba ka isa ka yi masa ƙarya ba, kafin ka buɗe baki ya san inda zaka. Ƙarfe biyar ake tashi, addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, shara, kunu, sai aiki, wasu wajen kaji wasu lambun kabeji da karas, wanda ya ɗan kwana biyu a tura shi koyon walda ko kafinta a cikin gari. Wata biyun farko ba waya, ba kuɗi a aljihu ko na sayen goro, fita sai ku biyu, kuma ba sanarwa za a miƙo maka ɗan kofi ace je ka kawo fitsari a gwada. Wani malami da yake zuwa mana ran Laraba ya taɓa bamu tarihin abin, yace daga Amurka aka kwaso tsarin, matakai 12 da muke bi na barin shaye-shaye na ƙungiyar masu barin giya ta Alcoholics Anonymous ne da aka kafa a 1935, zaman gida ɗaya na masu farfaɗowa kuma akwai irin su Oxford House tun 1975 inda mazauna gidan ke tafiyar da shi da kansu. Namu dai sun haɗa da ayoyi da waƙoƙin coci.

Amma in ka tambaye ni me ya yi min aiki, ƙofar gidan ce. A buɗe take. Da farko na ɗauka wayo ne, ina ta dube-duben inda mai gadi ya ɓuya, ashe babu. A sati na uku wani dare abin ya taso min, ba ciwon jiki ba wannan ya wuce, kawai zuciyata ce take ce min guda ɗaya tak ka sha ka yi bacci, na tattara kayana a leda wajen ƙarfe biyu na fito, sai ga Baba zaune a baranda da bargo. Gabana ya faɗi nace yau zan sha wa'azi. Sai cewa yayi, ɗana ga ƙofa nan ba wanda zai riƙe ka, amma tasha ba mota sai gari ya waye, zauna ka taya ni hira. Muka zauna. Ko aya ɗaya bai ja min ba, labarin shinkafa yayi ta tambaya ta, yaya ake dashe, buhu nawa kadada take bayarwa a wajenmu, ina ta zuba har zakara yayi cara, da aka buga ƙararrawar addu'a na ga ledata a gefe kunya ta kama ni na maida ita ɗaki. Bai taɓa tada maganar ba har na bar gidan. Da ɗaure ni akayi na tabbata ranar da aka kwance ni kemis zan fara nema, dan a gida ma Yaya ya taɓa kulle ni kwana uku kuma abin da nayi kenan.

Sai zaman dare, bayan tuwo a zagaye kowa ya faɗi yadda ya wuni. Mu Hausawa ba mu saba namiji ya zauna gaban maza yace na ji tsoro ko na yi kuka ba, wata guda nayi ina cewa lafiya lau kawai. Ranar da na faɗi maganar tunkiyar Inna ban san sanda hawaye ya zo ba, ba wanda yayi dariya, wani direban tirela dake gefena yace kai tunkiya ce, ni keken ɗinkin matata na sayar.

To yanzu inda suka gaza. Abinci gaskiya sai a hankali, tuwon masara da miyar kuka tsararo kusan kullum, mutumin da ya bar ƙwaya kuma yunwa yake ji kamar gara. Sanyin Jos a watan Disamba da bargo ɗaya azaba ne ga ɗan Kano. Takardun darasi duk da Turanci suke, mu uku da karatunmu bai yi nisa ba sai an fassara mana, wani lokacin mai fassarar ma ya gaji ya taƙaita. Wanda ya fi ɓata min rai wani baƙon mai wa'azi ne da yazo yace duk mai shan maganin likita bangaskiyarsa ce bata cika ba, akwai yaro a cikinmu da asibiti suka ɗora kan maganin ƙwaƙwalwa, ya daina sha a ɓoye, kafin sati biyu ya birkice sai da aka maida shi asibiti. Baba ya hana mutumin sake zuwa, amma ai tun a wajen ya kamata a katse shi.

Kuma ba kyauta bane. Duk wata Yaya yana turo kuɗi, da kaka yakai musu masara buhu biyu suka rage masa, coci ma ta taimaka. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya tayi da gwamnati a 2018 yace mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, mu kuma gado goma sha huɗu, kullum waya ake yi ana neman gurbi ana cewa babu. Maƙwabtanmu Musulmi biyu sun tambaye ni ko za su iya kai nasu, na faɗa musu gaskiya, ba a tilasta wa kowa baftisma amma tun daga safe har dare tsarin na Kirista ne, in hakan zai dame su gara su nemi ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ko asibiti a basu shawara.

Dokar gidan in gwaji ya kama ka tafiya zaka yi, sai bayan wani lokaci ka sake neman shiga. Wanda muke gado sama da ƙasa haka ta faru da shi a wata na biyar. Kafin ya tafi Baba ya ja masa kunne da abin da kullum yake faɗa mana, jikin da ya huta baya ɗaukar abin da yake ɗauka da, wanda ya koma ya sha adadin da ya saba shi ake tsinta a sume ko a mace.

Babban gibin su shine bayan ka dawo. Sau biyu suka kira ni a waya shikenan. A can kana da mutum goma sha uku masu sa maka ido, a nan kuwa mai kemis ɗin yana nan inda na barshi, ran kasuwar farko har ɗaga min hannu yayi yace kwana biyu. Ni da Fasto muka tsara namu, duk ran kasuwa da ƙanena nake shiga, kuɗin ƙwadago kuma hannun Yaya yake fara zuwa, abin da ciwo ga mai shekara talatin da ɗaya amma ni na roƙa. Wata biyar kenan da dawowa ta.

Wanda zai kai nasa, eh ina ce masa ya kai, amma asibiti tukun, ya tambaye su ƙarara ko suna barin mutum ya sha maganin likita, ya je da ƙafarsa ya ga ƙofar ya kuma duba ƙafafun mazauna gidan. A sa masa bargo biyu da ƙuli-ƙuli da garin kwaki a jaka. An fara yankan shinkafa satin nan, jiya tun kafin la'asar bayana ya riƙe na zauna a gindin mangwaro, yaran da muke aiki tare suna ta tsokana ta wai na tsufa.